Nonona ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, ga biki ya matso: tiyata ko haƙuri?

Ƴar_Birni:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfin shiruna. Shekarata 23. Ina ƴar shekara 12 na fara ƙirgar dangi, amma na hagu kaɗai ya taso. Inna ta ce in yi haƙuri, na dama zai kamo ɗan uwansa. Har yau bai kamo ba. Na hagu cikakke ne irin na kowace mace, na dama kuwa bai wuce na yarinya ƙarama ba. Shekara goma ke nan kullum da safe sai na ninke tsohon kallabi na cusa a rigar nono kafin in fita, lokacin zafi wurin har ƙuraje yake yi. Ban taɓa canza kaya gaban ƙawa ba, ko tela ba na yarda ta auna ni sai ta saman hijabi. Yanzu an sa mini rana, bayan babbar Sallah. Na ji ana cewa akwai tiyatar da ake daidaita su. Da gaske ne? A ina ake yi? Ya halatta? Kuma shi wanda zan aura, in faɗa masa ko in yi shiru? Don Allah kada a yi mini dariya.

Maman_Hafsat:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Babu mai yi miki dariya a nan. Ki sani babu macen da nata biyun suke daidai cif, kowa ta tsaya gaban madubi za ta ga ɗaya ya ɗan ɗara. Nawa ma haka suke, haihuwata biyar.

Zinariya227:
Ki samu hulba ki daka, ki kwaɓa da man zaitun kina shafa wa ƙaramin kaɗai safe da dare, kina kuma sha a kunu. Akwai wata mai haɗin man ƙarin nono a Kasuwar Dole, in kina so in ba ki lambarta.

Sajfam_Zengo:
Zinariya, don Allah kada ki ba ta lambar kowa. Shekarata goma sha a ɗakin haihuwa, ban taɓa ganin man da aka shafa ya tayar da nonon da bai taso ba. Abin da aka sha kuwa jini yake bi, bai san hagu da dama ba. In ma ya yi aiki, babban ne zai ƙara cika, tazarar ta ƙaru. Su kuma ƙwayoyin ƙiba da ake haɗawa a ciki a ɓoye, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, fuska suke kumburawa su jawo hawan jini da ciwon suga. Balle allurar mai da wasu ke yi a gida, wannan kam ruɓar da nama take yi.

Maman Hafsat, maganarki gaskiya ce, amma abin da ɗiyar nan ta kwatanta ya wuce ɗan bambancin da muke da shi duka. Ƴar Birni, amsa mini waɗannan. Ƙaramin ne bai girma ba, ko babban ne yake ta ƙaruwa har yanzu? In kika dafa ƙugu kika matsa, tsokar da ke gaban hammata tana tasowa a ɓangarorin biyu? Yatsun hannunki na dama daidai suke da na hagu? Akwai tabo kusa da kan nonon? Ina tambaya ne don akwai waɗanda ake haihuwa babu babbar tsokar ƙirji a gefe ɗaya, galibi dama, wani lokaci yatsu su zo gajeru ko a manne. Likitoci na kiran abin da sunan Poland, wani likitan Ingila da ya kwatanta shi a 1841. Karkacewar ƙashin baya ma na sa ɗaya ya yi kamar ya fi ɗaya. Kowanne da irin gyaransa, sai an san sila.

Hajiya_Garin_Malam:
Ɗiyata, ni shawarata ki bar wa Allah halittarsa. Kina gani, kina ji, kina tafiya da ƙafafunki, ba ciwo yake miki ba. Yaya za ki kai lafiyayyen jiki a sa masa wuƙa? Shaiɗan ne ya yi alkawarin zai sa mutane su canza halittar Allah. Mu zamaninmu ko sunan wurin ba a kamawa, kuma mun yi aure mun zauna.

Malama_Ummu_Aisha:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ayar da kike nufi tana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 119, kuma tsoronki a kan hanya yake. Sai dai malamai sun raba abu biyu: ƙarin ado ga gaɓar da take lafiya lau, da kuma kawar da aibi don a mayar da gaɓa yadda aka saba halittarta. Hujjar na biyun ita ce labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleziya a 2007, a kan wannan rabon ta tsaya: gyaran aibin da aka haifi mutum da shi ko wanda ya same shi daga baya ya halatta, in amfanin ya rinjayi cutarwa kuma ƙwararre ne zai yi. A nan Damagaram muna da cibiyar yaran da ciwon noma ya ci wa fuska, ana kai su a ɗinke musu baki da kumatu, ban taɓa jin malamin da ya hana ba. Wadda nata suke lafiya ta ce a ƙara mata don ta burge, wannan dabam. Wadda ɗaya bai fito ba sam, ina ganin ta fi kusa da Arfaja.

Hajiya_Garin_Malam:
Malama na ji, ilimi naku ne. Amma hanci a fili yake, wannan kuwa a rufe. Ni dai da ɗiyar cikina ce ba zan sa hannu ba.

Ƴar_Birni:
Tanti Sajfam, na duba duk abin da kika ce. Yatsuna daidai suke, tsokar hammata tana tasowa duka biyun, babban kuma ya daɗe da tsayawa. Amma tabon yana nan, ɗan siriri ƙarƙashin kan nonon dama, na ɗauka da shi aka haife ni. Na je na tambayi Inna ɗazu tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta yi shiru, sannan ta ce ina da kwana goma sha a duniya nonon ya kumbura, kakata ta riƙa matsewa kullum bayan wanka wai don kada in yi wari in na girma. Daga baya ya yi ja ya tara ruwa, aka kira wanzami ya tsaga. Ta ce ba ta taɓa kawo wa ranta wannan ne ba. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Sajfam_Zengo:
Allahu akbar. Abin da nake tsoro ke nan. Iyaye mata ku saurara da kyau. Jariri, mace ko namiji, nononsa na iya kumbura a kwanakin farko har ya ɗan fitar da farin ruwa. Sinadarin jikin uwa ne da ya bi ta mabiyiya, in an bar shi da kansa yake sacewa cikin makonni. Matsa ce ke buɗe wa ƙwayar cuta hanya. A ƙarƙashin kan nonon jaririya akwai ɗan ƙulli bai wuce ƙwayar wake ba, shi ne irin da nonon zai tsiro daga gare shi. In ƙurji ya ci shi ko aska ta ratsa shi, sai bayan shekara goma sha a ga sakamakon. Ƴar Birni, kada ki riƙe Inna a rai, abin da ta tarar ana yi ke nan. Tabbatarwa kuma sai lokotoro ya duba ki da hannunsa an yi eko, wato hoton na'ura mai nuna cikin nonon.

Inna_Mirriya:
Innalillahi. Ni da hannuna na matse na ɗiyana huɗu da jikoki uku, an ce mana in ba a fitar da ruwan ba nono zai yi tsami. Duka sun girma lafiya kuwa.

Uwar_Biyu:
Inna, Allah ne ya tsare. Ni a kan wannan muka yi sati ba ma gaisawa da uwar mijina, na hana a taɓa ƴan biyuna. Ta ce boko ya ɓata ni. Kumburin bai yi wata biyu ba ya baje.

Ni ma ina da tawa damuwar tunda an buɗe maganar. Autana hagu kaɗai yake kamawa, yanzu hagun ya yi biyun dama.

Sajfam_Zengo:
Uwar Biyu, naki mai sauƙi ne. Nonon da aka fi sha shi ya fi kawo ruwa. Ki riƙa fara ba shi na dama lokacin da yake jin yunwa sosai, in ya ƙi ki tatse da hannu. Bayan yaye yawanci suna komawa kusa da juna.

Fanna_Gure:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata, zuciyata ba za ta bar ni in wuce ba. Yayata tana da shekara 41 ta ga nononta ɗaya ya fi ɗaya girma, alhali da ba haka suke ba. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Aka ce iska ce, aka ce daji ne kada a bari ƙarfe ya taɓa. Wata takwas ana shafe-shafe da turare. Ranar da na taya ta wanka na ga fatar wurin ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki. Kafin mu kai Yamai, cibiyar cutar kansa, ya riga ya kai hammata da huhu. Ta rasu ta bar yara shida. Na Ƴar Birni tun tasowa ne, ba shi nake nufi ba. Amma duk wadda nata suka canza tana babba, ko ta ji ƙulli, ko jini na fita ta kai, wallahi kada ta kwana biyu ba ta je likita ba.

Maman_Hafsat:
Allah ya jiƙanta ya raya abin da ta bari. Fanna kin tuna mana abu babba.

Ɗalibar_Likita:
Amin. Yaya Fanna, tun 2021 cibiyar ta Yamai ta fara gashin cutar kansa da na'ura, wanda da sai an fita waje. Kuma ba kowane ƙulli ne kansa ba, a ƴan mata yawanci ƙulli ne mai santsi mai gudu ƙarƙashin yatsa, wani yakan girma har ya sa nono ɗaya ya rinjayi ɗaya, a cire shi a huta. Shi ya sa eko ke gaba da komai.

In koma kan tambayar farko, ga abin da aka koya mana. Hanyoyin gyaran sun danganta da wanne ne matsalar. In ɗaya ne ya yi girma fiye da kima, shi ake ragewa a ɗaga shi. In ɗaya ne bai taso ba, kamar na Yaya Ƴar Birni, ana sa jakar silikon ko ta ruwan gishiri a bayan nonon ko bayan tsokar ƙirji. Ko kuma a zuƙo kitsen mutum daga ciki ko cinya, a tace, a cika wurin da shi. Na kitsen ba baƙon abu a jiki, amma jiki na shanye wani kaso, don haka akan maimaita sau biyu ko uku, kuma siririyar mace ba ta da inda za a ɗebo. In tazarar ta yi yawa fata ba za ta ɗauki jaka lokaci ɗaya ba, sai a fara sa wata da ake ƙara wa ruwa kaɗan-kaɗan har fatar ta miƙe. Sau da yawa dole a taɓa lafiyayyen ma don su yi kama.

Jakar kuma ba ta har abada ba ce. Tun 1962 aka fara sa ta a Amurka, kuma har yau tana iya fashewa, ko jiki ya yi mata kube ya tsuke ta ta yi tauri da ciwo, sai an sake buɗewa. Mace mai shekara 23 ta sa a ranta za ta iya komawa ɗakin tiyata ba sau ɗaya ba a rayuwarta. A 2010 Faransa ta janye jakunkunan kamfanin PIP da aka gano an cika su da silikon ɗin masana'antu, bayan an sa wa mata dubban ɗaruruwa a duniya. A 2019 kuma ta hana wasu masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wata kansa da ba ta cika faruwa ba. Duk wadda aka sa wa ta karɓi takarda mai sunan jakar da lambarta.

Tanti_Rakiya_Sabon_Gari:
Ni an yi mini, bari in faɗi abin da na gani da idona. Nawa akasin nata ne, na dama ya yi girman da har kafaɗata ta karkace, igiyar rigar nono ta yi mini rami a kafaɗa, ƙarƙashinsa kullum a jiƙe yana saɓulewa. Bayan na yaye na uku maigida ya yarda, na sayar da filin gadona muka je Tunis. An rage shi, na kwana biyu da robar da ke fitar da jini a gefe, na yi sati shida da matsattsiyar riga dare da rana, ko tulu ba na ɗagawa. Ciwon baya ya tafi, wannan na gode Allah. Amma akwai abin da ban shirya masa ba. Tabon ya kumbura ya yi tudu yana ƙaiƙayi, irin wanda ke fito wa wasu a kunne bayan huda, an ce baƙar fata ta fi yin haka. Kan nonon har yanzu jinsa bai dawo duka ba. Da na haifi na huɗu, wannan gefen ruwa kaɗan ya kawo. Kuma da wani ɗinki ya buɗe bayan na dawo gida, wanda ya yi aikin yana can bayan hamada, sai hoto nake tura masa ta WhatsApp. Ba su zama daidai cif ba, sun dai yi kusa. Da za a mayar da ni baya zan sake yi, amma ba zan yi ana saura wata uku bikina ba. Kumburi kaɗai yana ɗaukar watanni kafin ya sauka.

Dije_Magarya:
Me ya kai ku Tunis? Kano na nan bai kai kilomita 300 ba, ya fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna da likitocin gyaran jiki, su ke aikin ƙuna da tsagaggen leɓe. Ko ba komai in abu ya taso ka shiga mota ka koma.

Ɗalibar_Likita:
Haka ne Yaya Dije, kusanci babban abu ne. Amma ta fara daga nan gida. Likitan mata ko na tiyata a babbar likita ya duba ta, shi zai rubuta mata takardar inda ya dace. Abin gudu shi ne masu talla a Facebook da hoton kafin da bayan.

Dije_Magarya:
To ni maganar faɗa wa miji ce ta tsaya mini. Kada ki faɗa. Namiji ba ɗan goyo ba ne, yau yana sonki gobe kun ɓata ya kai maganar majalisa. In an ɗaura ya gani ya haƙura.

Hadiza_Tanut:
A'a Dije. Ni na yi irin wannan shirun, nawa tabon ƙuna ne daga ƙirji har ciki. Daren farko bai ce komai ba, amma duk faɗan da muka yi a shekara uku sai ya ce an rufe shi. Ba tabon ne ya kashe auren ba, kalmar nan ce. Na biyun tun kafin a kawo kuɗi na sa yayata ta faɗa wa yayarsa. Ya aiko cewa shi ba fata zai aura ba. Shekararmu tara.

Malama_Ummu_Aisha:
Ta fuskar hukunci, aibobin da malamanmu na Malikiyya suka ce ana iya mayar da aure saboda su sanannu ne: hauka, kuturta, albaras, da cutar al'aura mai hana saduwa. Wannan ba ya cikinsu, don haka in ta yi shiru ba ta ci amanar kowa ba. Sai dai abin da Hadiza ta faɗa zaman duniya ne, kuma ba a raina shi. In za a faɗa, babbar mace mai riƙe sirri ta kai maganar, ba a waya ba, ba kuma da hoto ba.

Dije_Magarya:
In ya fasa fa? Garin nan ƙarami ne, kafin la'asar an ji a Birni da Zengo.

Hadiza_Tanut:
Wanda zai fasa don wannan, gara ya fasa tun tana ɗakin uwarta.

Shugabar_Zaure:
Na goge saƙo biyu na masu tallar mai da lambar waya. Wadda ta sake zan fitar da ita. A ci gaba.

Tela_Mariyama:
Ƙanwata, ki bar kallabin nan, shi ke tara zufa. Ina ɗinka wa matan da aka cire wa nono rigar da ke da aljihu ta ciki, in sa soso mai laushi in lulluɓe shi da yadin auduga, a cire a wanke a shanya. Ina auna shi da lafiyayyen har sai riga ta zauna. Ba ku kaɗai ba ne, kayan amare nawa na ɗinka da irin wannan, ba wanda ya sani sai ni da su. Duk telar da kika yarda da ita za ta iya, ki nuna mata wannan saƙon.

Ƴar_Birni:
Na karanta duka, wasu sau uku. Tanti Sajfam, tambaya ɗaya ta hana ni barci: in an sa jakar, ƙaramin zai kawo ruwa? In bai kawo ba, ɗaya zai ishi jariri?

Sajfam_Zengo:
Jaka siffa take gyarawa, ba ta yin ruwa. Abin da ya rage na asalin nonon shi zai kawo gwargwadonsa. Amma ɗaya na isar jariri, na ga mata da yawa sun shayar da ɗaya har yaye, yaran ɓul-ɓul. Don haka ni da za ki ji tawa, lafiyayyen nan kada a taɓa shi da wuƙa sai kin gama haihuwa. Ciki da shayarwa ma za su sake canza su.

Tanti_Rakiya_Sabon_Gari:
Sai ta gama haihuwa? Sajfam, wannan shekara ashirin ke nan fa. Ƙuruciyar a cikin kallabi za ta ƙare? A gyara ƙaramin kaɗai mana.

Hajiya_Garin_Malam:
Ni har yanzu ina kan bakana. Amma zuwa a duba, wannan ban hana ba.

Ƴar_Birni:
Litinin in sha Allah za mu je likita ni da Inna, ita ta ce sai ta raka ni. Tiyata kafin biki na cire ta a raina. Bayan biki kuma ban yanke ba, maganar Tanti Rakiya da ta Tanti Sajfam duka suna ja na. Shi kuma, na kira gwaggona har sau biyu in roƙe ta ta kai maganar, ina jin muryarta sai in gaishe ta in kashe.

Maman_Nana_Matamaye:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Ɗiyata shekararta 11, wata biyu ke nan ɗaya ya fito mata kamar ƙwallon goriba ƙarami, tana cewa yana mata zafi in riga ta goga, ɗayan shiru. Kakarta ta ce gobe a kai ta wurin wanzami.

Sajfam_Zengo:
Kada a kai ta! Ƙirgar dangi ce, ɗaya kan riga ɗaya da watanni, zafin ma na tasowa ne. Kada a matsa, kada a tsaga, kada a ɗora dutse mai zafi. In hankalinki bai kwanta ba ki kai ta ɗakin awo a duba. Ki ba kakar wayar yanzu ta karanta abin da Ƴar Birni ta rubuta a sama, in ba ta karatu ki karanta mata.